Khadiga Ta Ƙi Rumfar Baƙi

Khadiga mai ƙwarya 'yar Omdurman ce, wanda bai so ba ya sha ruwan Nilu ya huce. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya sauke farali a Makka, da ya juyo ya iso bakin kogin nan ya ce gwiwa ta ƙi, ya zauna. Uwarta kiɗan ƙwarya take yi, ita ma ta gada. A cika baho da ruwa, a kife ƙwarya a kai, a doka da 'yar sanda. Shekara arba'in babu aure ko suna a unguwarsu, gidan Bahaushe ko na Balarabe, da ba a ji amonta a tsakar gida ba. Maza biyu ta binne. Haƙoran gaba sun tafi, murya kuwa tana nan daram.

A karifin da ya gabaci yaƙi, wato damina a bakin mutanen can, ruwan sama ya sauka, kogi ya cika ya yi jajir, sai aka shirya bikin al'adu a wani fili a bakin ruwa. An tara masu wasan kwaikwayo da masu zane, har da 'yan kokawa daga unguwar Hajj Yusuf. Aka aiko wa Khadiga ta zo. Ta turara tob ɗinta, lulluɓin matan garin, ta ɗauko Sittana mai yi mata amshi, suka cusa baho da ƙorai a raksha, babur mai ƙafa uku.

Bayan la'asar suka isa. Wani matashi, Hazim, da kati a wuya kamar ragon layya, ya tarbe su. Ya wuce da su babbar rumfa, ya kai su wata 'yar ƙarama can ƙarshen fili, kusa da injin wuta. Sai da suka cika baho sannan Sittana, wadda ta ɗan taɓa makaranta, ta ɗaga kai ta karanta allon da aka kafa a bakin rumfar.

"Yaya, kin san abin da aka rubuta? Baƙi daga ƙasashen waje."

Khadiga ta kira Hazim. "Ustaz, su wa suka zo daga waje? In gaishe su."

"Ya hajja, tsari ne kawai. Babbar rumfa ta kiɗan ƙasa ce. Naku kuma, ai kin gane, na can wajenku ne."

"Wajenmu? Bayan kasuwar Omdurman, ka ce. Kai ɗan wa ne?"

Ya ɗan ɓata rai. "Ɗan Usman da Zahra."

"Zahra mai tabo a haɓa? To madalla. Sittana, kama bakin bahon nan."

Tsofaffi biyu suka ɗauki baho cike da ruwa, suna ratsa caɓi, ruwa na fallatsa musu a tob, Hazim na biye yana "Ya hajja, ya hajja, haramun ne." Suka dire shi a ƙasa gaban babbar rumfa, daidai ƙafafun masu kujera. Ana tsakar gyaran lasifika, babu mai waƙa a kan dandamali.

Su masu kiɗan ƙwarya ba sa wuce fuskar da suka sani sai sun kira uwarta da gidansu. Khadiga ta doka ƙwarya, ta dubi taro ɗaya bayan ɗaya. Ga Mayada 'yar Asma'u, ni na yi kiɗan lallen uwarki, shekarar da ruwa ya ci katangarku. Ga jikan mai gidan burodi, ranar kaciyarka sai da ka ciji wanzami. Rabi da Hausa, rabi da Larabci, Sittana na amshi. Duk wadda aka kira sai ta miƙe ta rangaɗa guɗa, ta zo tana kaɗa yatsu a kan Khadiga. Maza na dariya suna ɓoye fuska.

Ta juyo kan Hazim. Ɗan Zahra, ranar sunanka ka tsula min fitsari a cinya, ban ce kai baƙo ba ne.

Fili ya ɗauki shewa. Hazim ya rasa inda zai sa idonsa. Ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Habboba, kakata, ya isa. Ki hau dandamali, don Allah."

"Ruwan da ya kwanta ba a ƙara motsa shi. Abin maganar naku ya sauko."

Ya je ya janyo shi da kansa, ya durƙusa a caɓin da farin wandonsa, ya kanga shi kusa da ƙwarya.

"To me zan ce wa jama'a? Daga ina?"

Khadiga ba ta tsai da sanda ba.

"Ka ce maƙwabciyar uwarka ce. Ɗaga murya, na baya ba sa ji."