Takarda Mai Suna Biyu

Shekarun baya, lokacin da Turawa ba su daɗe da zama a Keffi ba, ni ce marubuciyar gidanmu. Mahaifina bai sami ɗa namiji da ya rayu ba, sai ya juye mini duk karatun da ya tanada. Na sauke, na shiga littattafai, hannuna ya yi kyau a ajami. In na sami takarda da tawada, tuwo ya ƙone ba ruwana. Mahaifiyata takan ce wata rana za a tarar ina rubuta wa hayaƙi wasiƙa.

Mahaifina yana da amini da muke kira Baffa, ya girme shi da 'yan shekaru. Tun suna samari suka ƙulla tarayya a zauren gidanmu na Angwan Iya. Dattawa uku suka shaida, aka raba goro, aka shafa fatiha, shi ke nan. Riɗi suke saye a ƙauyuka su kai Loko bakin kogi. Baba ya iya Gwandara, manoma shi suka sani, shi suke ajiye wa kaya. Baffa kuma shi ne mai ƙafa, shi ke bin hanya da masu dako. Riba biyu, asara biyu, shekara ashirin ba wanda ya ji kansu.

Sai wani kamfanin Turawa ya so ya ajiye sikeli a garinmu, a riƙa sayen riɗi da sunansa. Suka turo akawunsu, mutumin Lakwaja mai Hausa a karye, ya zo zaurenmu. Ni ina bayan asabari da alƙalamina, don Baba ya ce in zauna kusa.

Baffa ya ce, "Shi kamfanin nan ɗan wane ne? Ya kamata mu je mu gaishe shi."

Akawu ya yi dariya. "Dattijo, ba shi da uba. Mutane da yawa a ƙasarsu suka haɗa jari, kowa da rabonsa. Suka rubuta dokokinsa, suka kai wa hukuma, aka buga hatimi. Daga ranar ya zama kamar mutum, yana saye, yana sayarwa, ana kai shi ƙara. Masu shi su mutu, shi yana nan."

Baffa ya ce, "In ya karye fa?"

"Kowa abin da ya zuba shi ya tafi. Ba a taɓa gidan kowa."

Baffa ya ce, "A'uzubillahi! Abokin ciniki ba fuska, ba kabari."

Ni kuwa hankalina ya tafi. Ina ta tausayin wannan halitta da ba wanda ya goya ta, ba kuma wanda zai yi mata makoki. Har na fara shirya mata baiti a zuciyata, sai na ji akawu yana cewa dole a yi takarda. Ya ce hanya biyu ce. Ko a sa sunan mutum ɗaya, sikeli ya zama a hannunsa. Ko a sa su biyun a matsayin 'yan tarayya, amma sai an rubuta rabon kowa, da abin da za a yi in sun ɓata, da abin da za a yi in ɗaya ya rasu.

Aka ce wa akawu ya dawo gobe.

Ban jira umarni ba. Na zaɓi takarda mafi haske, na feƙe alƙalami, na rubuta sunayensu biyu kafaɗa da kafaɗa, rabi da rabi, har da ado a gefe. Na kai wa Baba ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa ne da ni, "hannunki ya yi kyau. Sake wata, ki cire nawa."

"Baba, ai ku biyu ne."

"Allah ya san mu biyu ne. Kina so in zauna gaban yayana in ce a rubuta yadda za mu ɓata? In haƙa masa kabari yana zaune? In ana sa suna, na babba ake sawa."

Baffa ma da ya ji ya yi ta musu. "Haba ƙanena, sa naka mana, ai kai manoma suka sani." Baba ya rantse ba zai shiga gabansa ba. Suka yi ta tura wa juna kamar masu rabon tsokar ƙarshe a akushi, har Baffa ya gaji ya dangwala yatsa shi kaɗai.

In faɗi gaskiya, abin da ya dame ni ranar shi ne adon da na ɓata. Na san babin tarayya a littafi, na san tana warwarewa da rasuwar ɗaya, na iya karanta shi da ka. Amma ban haɗa karatun da zauren gidanmu ba. Na naɗe takardar farko na jefa a gafaka ina kumbure-kumbure.

Damina uku aka yi lafiya. A ta huɗu Baffa ya dawo daga Loko da zazzaɓi, bai yi mako ba ya rasu.

Ba wanda ya cuce mu, wannan ne ma ya fi ciwo. Alƙali ya ce tarayya ta ƙare, a raba kaya biyu, babban ɗan Baffa ya kawo rabinmu har gida, ko buhu bai ɓoye ba. Amma sikeli ba ya rabuwa. Akawu ya ce kamfani suna ɗaya ya sani, ya mayar da takarda ga babban ɗan Baffa, magajin mai sunan. Dattawan da suka ci goron nan duk sun riga mu gidan gaskiya. Shi kuma magajin yana da ƙanne da surukai da ke jiran wurin.

Na tuna da gafaka. Na fito da takardata a guje, na ba Baba, ya aika wa akawu. Ta dawo da yamma tare da saƙo: rubutu ya yi kyau, amma ba yatsa, ba hatimi.

Da kaka ta yi, manoma suka riƙa wucewa ta ƙofar gidanmu da riɗi a ka. Sukan tsaya su gaishe da Baba da Gwandara, su tambayi iyali, sannan su wuce inda sikeli yake. Shi kuma ya amsa da fara'a, ya bi su da kallo har su sha kwana. Magajin ya zo sau biyu yana cewa, "Baba, ka zo ka riƙa sayo mana, a ba ka la'ada." Baba ya sa masa albarka, bai je ba. Bai ƙara taka kasuwar riɗi ba har ya bar duniya.

Wata rana ina gyara masa tawada na kasa daurewa. Na ce, "Baba, ka yi nadama?"

Ya ce, "Kawo takardar nan taki." Na kawo. Ya sa yatsa a tsakanin sunayen biyu. "Da na ce a rubuta, da ya tafi yana tunanin ko na taɓa zarginsa. Yanzu ya tafi da farar zuciya. Riɗi kuwa ana shuka wani." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ke kin fi ni gaskiya, Uwata. Da kin matsa."

Wannan kalma ta ƙarshe ita nake ɗauke da ita har yau. Ban ga laifinsa ba, kunyarsa ita ce kyansa. Nawa laifin nake gani, da ilimi ya zauna a bakina bai sauko ƙasa ba.

Yanzu ina ɗakina, mata kan zo in rubuta musu in za su haɗa jarin saƙa ko na man gyaɗa. Kullum sai ɗaya ta sunkuyar da kai ta ce, "A sa na Yaya kawai, ai ɗaya ne." Sai in tsoma alƙalami in ce, "Ku bar mini kunyar, ni zan ɗauka. Faɗi sunanki."