Matar da Ke Sa a Juye Jaka

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe tagar ɗakin magani, ta goge kanta da tsumma, ta ajiye wani tsohon faranti mai lanƙwasasshen baki. Ba na asibitin ba ne, daga gida ta zo da shi shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Duk wanda ya miƙo takardar likita mai maganin zuciya, sai ta turo masa farantin ta ce, "Juye jakar." Maza kuma aljihu. Da haka sunan Juye-Jaka ya bi ta, har aka manta tana da wani.

Ba a cika son ta ba. Layinta ya fi na kowa tsawo, ita kuwa ba ta san sauri ba. Na taɓa jin wani mai ƙaton agogo yana faɗa, wai shi ba ɓarawo ba ne da za a caje shi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da ka ɗauka nake nema ba, abin da kake haɗiya nake nema." Ya juye. Kwalabe uku da ƙullin gari.

Ba ta zagin maganin ganye. Takan ce ai da shi kakarta ta raine ta. "Amma kakata ba ta shan ƙwayar tsinka jini."

Marigayiya matata tela ce, kuma a kan wannan ƙwayar likita ya ɗora ta bayan aikin zuciya. Sai yayarta ta kawo mata kwalbar wani ruwan ganye na ƙarin ƙarfi. Ni da na ƙarar da idona a kan littattafai na karanta takardar jikin kwalbar, na ga babu kuskuren rubutu, na ce a sha. Matata ta san da farantin. Saboda haka duk ranar karɓar magani, muna isa ƙofar asibiti sai ta zura kwalbar a aljihun rigata.

A wata na uku ta juye jakarta da ƙarfin gwiwa: almakashi, tef ɗin awo, zare. Juye-Jaka ba ta ko kalli farantin ba. Damtsen matata take kallo, inda jini ya kwanta ya yi baƙi.

"Yaya, wa ya doke ki?" Ta harare ni.

Matata ta ce, "Wannan? Ko sauro ba ya kashewa sai ya karanta tarihinsa. Keken ɗinki ne ya buge ni."

"Buɗe bakinki. To, keken ne ya buge ki a dasashi ma? Me kike sha?"

"Ruwa."

"Bayan ruwa."

Matata ta mai da ido kan rufi. Juye-Jaka ta turo farantin gabana.

"Malam, juye."

"Ni ba mara lafiya ba ne."

"Na sani. Kai ne ma'aji."

Kwalbar ta faɗa farantin, ƙwal, duk layin ya ji. Ba ta yi mana faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta rufe tagar, mutane na tsaki, ta kama hannun matata har ɗakin likita. Aka auna jinin, ya tsinke fiye da ƙima. Likitan ya ce da an ƙara kwanaki a haka, zai iya ɓallewa ta ciki, inda babu tsummar da za ta tare shi.

Shekara tara matata ta ƙara a duniya. Ta ɗinka wa jikoki biyu rigunansu na farko, ta ci gaba da ƙaryata ni a kan tebur kullum safe. Har ta rasu, in ta ga kwalba a hannun baƙo sai ta ce, "Juye."

Juye-Jaka, ke ce kika tsare mana waɗannan shekarun da tambaya ɗaya, uwar masu taurin kai. Ke ce kika gane cewa mara lafiya ba ƙarya yake so ya yi ba, kunyar 'yan'uwan da suka kawo masa magani yake ji. Makon jiya kika yi ritaya. Aka yi jawabai, aka ba ki agogon bango, ke da ba ki taɓa makara ba.

Yanzu ni ma ƙwayar nake sha. Jiya na je karɓa. Layin na gudu kamar ruwa, kowa na yabawa. Farantin na nan a gefe, an zuba mukullai a ciki. Wadda ta gaje ki ta miƙo mini maganin ba ta ɗago kai ba. Na kwashe mukullan, na juye aljihuna.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Tambaye ni me kuma nake sha."

Ta tambaya, ta kuma tsaya ta saurara. Ku da ke bayan tagogi, ku ɗago kai ku yi tambayar, ko da layi zai zage ku. Ke kuwa, Juye-Jaka, na gode da shekara tara. Allah ya hutar da ƙafafunki.