Cinyar Talotalon Baba

Har yau idan na ji ƙanshin hayaƙin itacen ƙirya, bayan ɗakin Inna nake tunawa a Nariya, da wata tukunya mai fasasshen gindi da take girkawa a kan murhu. Kuma kewar mahaifina takan taso mini sabuwa fil, kamar ni ba tsohuwa mai jikoki ba ce.

Baba ne ya fara kawo talotalo unguwarmu. A Kano ya sayo shi yana ƙarami, shekarar da gyaɗa ta yi kyau. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Kakata ta daɗe tana duban jan wuyansa da tsokar da ke reto a kan bakinsa, ta ce ita kam sai an tambayo malamai ko wannan abu ya halatta. Ni kuwa ba ma shiri da shi. Da ya girma, in ya gan ni da tuwo sai ya baje bindi ya biyo ni har zaure, manya suna dariya.

Ina da shekara shida Baba ya tafi aikin Hajji a ƙasa, shi da wasu mutanen Zurgu. A lokacin Turawa ba su tafi ba, kuma talaka da ƙafarsa yake zuwa Makka, yana tafe yana tsayawa yin ƙwadago. Ranar tafiya ya nuna tsuntsun ya ce wa Inna, "Kada a yanka shi sai na dawo. Tare za mu ci." Shekara uku Inna tana watsa masa dawa, ko a shekarar da mu ma dawar aunawa ake yi.

A farkon azumin shekara ta uku wani ɗan kasuwa daga Rano ya aiko cewa an ga ayarin su Baba gabas da Maiduguri, kuma da yardar Allah a gida za su yi Sallah. Inna ta sa aka yi wa ɗakinsa sabon daɓe. Ana saura kwana goma Sallah, shegen tsokanar talotalon ta ja masa: ya je yana yi wa jakin Kawu kumbura, jaki ya zabga masa harbi a ƙirji. Kawu, ƙanen Baba, ya zo da wuƙa a guje ya yanka shi kafin ya zama mushe.

"Sai a dafa a yi buɗa-baki," in ji Kawu.

"A'a," in ji Inna. "Malam ya ce tare."

Ta fige shi, ta yanka gunduwa-gunduwa, ta shafe da gishiri da barkono da citta. Ta jera ɗanyun itatuwa a cikin fasasshiyar tukunyar, ta shimfiɗa naman a kai, ta rufe da wani kasko. A ƙasa garwashin ƙirya ne, in ya nemi kamawa da wuta ta danne shi da ɓawon gyaɗa. Hayaƙi take so, ba harshen wuta ba. Kwana biyu tana juyawa, mai yana ɗiga kan garwashi yana ƙara, ga ta da azumi a baki cikin zafin bazara. Ban taɓa ganin ta lasa ko yatsa ba bayan an sha ruwa. Da naman ya yi ja wur ya bushe, ta zuba a sabuwar tukunya ta rataye a ragaya saboda kyanwa. Duk bayan kwana biyu ta sauke da safe, ta mayar kan garwashi ya ɗumama, ta sake ratayewa.

Ranar Sallah na yi kwalliya na zauna a ƙofar gida ina duban hanyar Kibiya har la'asar. Babu Baba. Kakata ta ce ba za a hana yara rabonsu ba, sai Inna ta turara naman da albasa da man gyaɗa, ya yi laushi kamar ranar aka yanka. Kakata mai neman fatawa ita ta fi kowa ci. Amma cinya ɗaya, babbar, Inna ta mayar cikin tukunya. A gidanmu cinya ta maigida ce.

Daga nan rayuwar gidan ta koma kan cinyar. Ruwa ya sauka, iska ta yi danshi, nama kuwa ba ya jure damina. Sai ɗumamen ya koma kullum. Wata safiya ta ga farar funfuna a gefen ƙashi, ta kankare da wuƙa, ta ƙara gishiri. Cinyar tana ta ƙanƙancewa, ta yi baƙi, ta yi tauri kamar guntun itace. Ni dai ina ganin muddin tana cikin tukunya, Baba yana hanya. Na tabbata Inna ma haka take gani, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah wani dattijo ramamme ya yi sallama, ɗaya daga cikin mutanen Zurgun nan. Ya miƙa wa Kawu butar Baba da carbinsa. Ya ce zazzaɓi ne ya kama Baba bayan sun baro Maiduguri, ya yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa, kuma shi da hannunsa ya sa shi a kabari.

Da aka ɗan lafa da kuka, Inna ta sauke tukunyar. Ta jiƙa cinyar, ta daka a turmi, ta kaɗa miyar kuka da ita, ta ce in kai wa baƙon zaure. Na tsaya riƙe da akushi, na ce, "Inna, ai ta Baba ce."

"Kai masa," ta ce. "Shi ya ci abinci da shi na ƙarshe."

Washegari da safe na fito na tarar da ita tsugune a bayan ɗaki. Ta hura garwashin ƙirya, ta watsa ɓawon gyaɗa, hayaƙi yana tashi. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta miƙa hannu wajen ragaya, sannan ta tuna babu sauran cinyar.