Nomau da Sungumin Annasara

Bana shekara tara ke nan da rasuwar taubashina Nomau, ɗan gwaggota, mutumin Matankari da ya ci abinci da wasan golf har ya yi furfura. Na san wani zai ce, golf a Arewa? To, mu ma haka muka ce. Tun muna yara ba na raga masa, ba ya raga mini, kuma ban ga dalilin da zai sa in fara yanzu don ya kwanta dama ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Cin rani ya kai shi Yamai yana saurayi, ya samu aikin ɗaukar wa annasara jakar sanduna a filin golf. Filin nan yashi ne da ƙaya, kowa na yawo da guntun tabarmar roba da zai ɗora ƙwallo a kai kafin ya buga. Wasan kuwa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƴar farar ƙwallo ce kamar ƙwan zabo, ka yi ta bugunta da sanda har ta faɗa rami, daga wannan rami ka nufi wancan, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Nomau ya riƙa gwadawa in masu jaka sun tafi hutawa, sai ga shi hannun da ya saba da sungumi bai sha wuya ba. Ba a jima ba ya bar ɗaukar jakar wani, ya koma ɗaukar tasa.

Daga nan ƙafarsa ba ta sake zama ba. Yau Kano, gobe Lome, jibi a ce yana Abijan ko Wagadugu, duk inda aka sa gasa. Kada ku zaci jirgi da manyan otal. Motar haya ce, jakar sanduna a bisa tare da buhunan albasa, guzuri ƙuli-ƙuli da garin rogo, masauki kuwa gidan duk wani ɗan Arewa mai tukubar tsire da ya samu a garin. Farin wando ɗaya gare shi na gasa, ya wanke ya shanya a tagar mota. A kan iyaka ƴan duwan, wato kwastan, kan zazzage jakar suna neman bindiga, har wata rana sai da ya buga musu ƙwallo ta tsallake wani gawo kafin su yarda. Babbansu ya ce shi ma zai gwada, ya kai sara, ya kwashe ƙasa, ƙwallo tana nan zaune tana kallonsa. In Nomau ya ci wani abu ya dawo da atamfa da sukari, in bai ci ba ya dawo da labari, kuma labarin ya fi yawa.

Mahaifiyarsa, Gwaggo Hajo, ita fa ba ta taɓa yarda wasa yake yi ba. Ta gan shi a fakon bayan gida yana kai sara, ƙasa na tashi, sai ta ce ashe sungumin annasara ne. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ta ina Nomau, sai ta ce ya tahi shuka gonar annasara. Ya yi mata bayani har ya gaji, cewa filayen can ana ba su ruwa rani da damina, ana aske ciyawa, ba a shuka komai. Ta ce, “Su gina rami, su sa ƙwai, su hidda shi? Allah shi kyauta.”

Abin da ya ɗaure wa Nomau ƙafa shi ne gonar mahaifinsa. Bayan rasuwar tsohon, ƙanensa Baba Ango ya kai magana gaban dattawa, cewa ba a barin gonar gado hannun tsohuwa da ƴan ƙwadago alhali shi ga bakuna cike da gida. Ba mugu ba ne, gaskiyarsa ya faɗa, don kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Aka yanke cewa duk shekarar da ruwan shuka ya sauka Nomau bai tsaya cikin gonar da ƙafarsa ba, ta koma hannun Baba Ango. Nomau ya amsa, ya kuma riƙa tsara tafiye-tafiyensa yadda damina za ta same shi a gida.

Sai shekarar da ruwa ya yi sammako. Lokacin ina da ɗakin waya a bakin kasuwar Dogon Dutsi, nan yake kirana. Ranar wata Asabar ya kira daga Kaduna, cike da murna. Babbar gasa ce, saura wasan gobe kawai, yana gaba da kowa, kuma wanda ya ci za a kai shi Turai ya buga. Muka yi ta shewa. Da zai aje waya ya tambaya kamar kullum, ruwa fa? Wallahi na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce jiya an kwarara shi, yau kowa na gona. Ya ce to, ga shi nan tafe. Na ce, “Kai mahaukaci, tsaya ka ƙare, gona ba ta gudu.” Ya ce, “Gona ba ta gudu, amma danshi na gudu.”

Washegari, lokacin da abokan gasarsa ke buga na ƙarshe, shi yana sauka daga mota a tashar Dogon Dutsi, jaka a kafaɗa, ido ja wur don gajiya. Na goya shi a babur har Matankari ina zaginsa, yana dariya. Muka tarar da Gwaggo a bakin gona da ƙwaryar iri, Baba Ango da ɗiyansa can kan iyaka suna jiran rana ta karkata gona ta zama tasu. Aka ɗauko sungumin gida, ashe gara ta cinye ƙotar, sara ɗaya ta karye. Ranar shuka kuwa ko ɗan'uwanka ba ya ba ka aron sungumi. Nomau ya zuge jaka, ya zaro sanda mai nauyin kai, wadda ake fitar da ƙwallo daga yashi da ita, ya duƙa ya fara sara, da farin wandonsa da hular gasa. Gwaggo na biye, ta zuba iri ta rufe da diddige. Baba Ango ya yi dariya har ya zauna ƙasa, sannan ya ce wa ɗiyansa su shiga su kama masa. Gwaggo ta ce, “Yau dai na ga amfanin abin ga.”

Bai sake kusantar Turai ba. Ya yi shekaru yana zagaye, wani lokaci na uku, wani lokaci na goma, daga baya ya koma koya wa manyan ma'aikata golf a Yamai. Ni kuwa na sa masa suna Zakaran Gero, na kira shi da shi har a gadon asibiti. Ko ya yi nadama? Ina jin ya yi, wani lokaci. Ya taɓa gaya mini yakan yi mafarkin wasan nan da bai buga ba, kuma kullum shi ke ci. Na ce a mafarki ai ni ma na sha cin ka.

Da zai leƙo yau, da ya sha mamaki. Waya ta shiga aljihun kowa, har tana faɗa maka ranar da ruwa zai sauka, ko da yake ita ma takan yi ƙarya. Na tabbata da ya ce da akwai ta a lokacinsa da ya haɗa kofi da gona. Samarin kasuwa da ke ce masa golf ɓata lokaci ne, ga ƙannensu nan suna kallon ƙwallo a waya har salla ta kusa wucewa. Hanyoyin da ya bi da jaka kuwa yanzu shinge ya yi musu yawa, ban san ko za a bar shi ya buga wa wani ɗan duwan ƙwallo ba.

Kofunan da ya ci sun yi tsatsa, ɗaya ma da shi ake ɗibar iri. Gonar tana hannun ɗiyarsa Rakiya, malamar makaranta a Dogon Dutsi, kuma babu wanda ya sa mata sharaɗi. Amma bana da ruwa ya sauka ta zo ta ɗauke ni, ta ciro sandar daga rumbu, ta yi saran farko da ita, ni ina biye da iri ina rufewa da diddige, gwiwa na ƙara. Nan dariya ta ƙare mini, na yi kewarka ƙwarai, taubashina. Layin ya karkace, Nomau, ɗiyarka ba ta gaji hannunka ba. Amma na koma na duba, geron ya fito.