Tulunan Gilas a Jeren Jikata

Ko kabari aka kai ni, ina jin da wannan abin zan shiga, don ba ya goguwa a raina.

Ni ban yi lakwal ba, ko harafin boko ban sani ba, amma a Damagaram ba a jeren amarya sai an kira ni. Da jikata ta tashi aure a Lyon, na ce ɗakinta ba zai zauna fayau kamar na asibiti ba. Kwalla da tasa ba su samuwa a unguwar Guillotière, sai na bi kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Lahadi. Can na tarar da wasu tulunan gilas na da, masu nauyi, da rubutun ruwan zinariya. Wani da hoton barewa, wani da ƙato sanye da fatari yana busa abu kamar algaita. Bature mai kayan ya yi ta surutu, ni kuwa ina gyaɗa kai. Na kwaso, na wanke, na jera su a armuwar, wato kabad, kamar taurari.

’Yata, uwar amarya, ta kalla ta buɗe baki, na ce wadda na haifa ba za ta koya mini jere ba. Ta rufe. Jikar ma ta sunkuyar da kai, na ɗauka kunyar amarci ce.

Ranar ganin ɗaki dangin ango suka zo daga Paris, gwaggonsa a gaba, matar wani limami a unguwar Goutte d'Or. Don in burge su na zuba ruwan zamzam a babban tulun, na miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta juya shi, ta daɗe tana duba. Sai ta jawo ni gefe, ta rage murya.

"Hajiya, wa ya karanta miki wannan?"

Na ce ido ya ishe ni.

"Tallar wuski ce ta ƙasar Ekos. A mashaya ake ajiye su, a surka giya da ruwan ciki."

Zamzam a tulun mashaya, a ɗakin jikata, gaban surukanta! Na riga na ji yadda labarin zai isa Damagaram kafin ni. Baiwar Allah ta juye ruwan a kofi, ta yi bisimilla ta sha a gaban kowa, ta ce gilas in an wanke ya tsarkaka, sai dai a sauke su. Da wannan kurɓin ta rufa wa yarinyar asiri.

Da baƙi suka tafi na tambayi ’yata ko ta sani. Ta ce tun ranar farko, har jikar ma.

"Inna, wa ke iya gaya miki?"

Wannan ya fi wuskin girgiza ni. Gida cike da masu karatu, suna kallona ina tafiya rami, tsoron bakina ya hana su riƙe ni. Tun ranar na gane tsohuwar da ba a iya yi wa gyara a ɗaki, a gaban baƙi za ta sha gyaranta.