Shekarar da Ta Ƙi Ƙarewa

Segomaro manomin alkama ne a ƙasar Gol, mutum mai kaurin wuya da ƙarancin magana. Gonarsa ta gado ce, a bakin rafi. Da Rumawa suka ci ƙasar, sai suka ɗora wa kowane ƙauye ya ba da mutum guda na aikin hanya, shekara ɗaya cur. Ƙuri'a ta faɗa kansa. Ya tafi ranar farko ta shekarar Rumawa, ana tsakiyar shuka, ya bar gonar babu iri.

Al'adar danginsu kuwa ba ta san uzuri ba. Gonar da ta wuce shuka biyu a kwance, wani ake ba.

Ya ɗaura igiya a ƙugu, duk jinjirin wata ya yi ƙulli. Fasa dutse, ɗauka, jerawa, kunun sha'ir safe da yamma. Ƙulli ya kai sha biyu, ganye ya fara zuba, ƙasa ta yi laushin karɓar iri. Ya je gaban Balbus, Barume mai kula da aikin.

"Ranka ya daɗe, shekara ta cika."

Balbus ya tofar da ƙwallon zaitun. "Shekarar wa? An aiko daga Rum, baƙauye. Lissafi ya karkace, manya sun ƙara wa bana kwana casa'in."

"Wata ya san da haka?"

"Wata ba ya aiki a ƙarƙashina, kai ke yi. Ɗau gudumarka."

Wani mai fasa dutse a gefe ya kece da dariya. "Baba Sego, nemi ƙarin igiya, taka ta yi gajarta!"

Guduwa ba ta yiwuwa, don wanda ya gudu, mutum biyu ake kamowa daga ƙauyensu. Segomaro ya ɗauki guduma. Ya ƙara ƙulli uku.

Sai da ƙanƙara ta sauka aka sallame shi. Ya tarar alkama ta tsiro kore shar a gonarsa, shukar Luguri, ɗan baffansa.

"Mun jira ka, ɗan'uwa," in ji Luguri, idonsa a ƙasa. "Ƙasa ce ba ta jira."

Segomaro bai yi musu ba. Shuka biyu sun wuce, ya san al'ada. Ya kwana biyu, ya koma wajen Balbus neman aiki, tunda can akwai kunu. Shekara ashirin ya yi yana jera dutse. Igiyar kuwa, ƙotar gudumarsa ya ɗaure da ita.