Malam Majemi da Hukuncin Ruwan Rafi

Haihuwa

An haifi marigayin da jama'a suka fi sani da Malam Majemi a shekarar 1947, a wani ƙaramin gari da rafi ya ratsa ta tsakiyarsa. Mahaifinsa mai jimar fata ne, ramukan aikinsa suna bakin rafin. Mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce. Su biyu ne 'ya'yan da suka rayu, shi da ƙanensa.

Karatu da aure

Ya sauke Alƙur'ani a 1961, sannan ya zauna gaban limamin garin yana karatun fiƙihu da hantsi, da la'asar kuma ya koma ramuka yana kankare gashin fata. Abokan karatunsa kan ja baya idan ya zauna, suna cewa warinsa kan riga sallamarsa shigowa, shi kuwa sai ya yi murmushi ya buɗe littafi. Ya auri 'yar wani maɗinki a 1970. Bayan rasuwar malaminsa a 1979 aka ɗora masa limancin masallacin bakin rafi, ya bar wa ƙanensa kula da majemar da suka gada, ana ba shi rabin abin da ta kawo.

Fatawa

A 1986 ƙanen ya daina jiƙa fata da 'ya'yan bagaruwa kamar yadda mahaifinsu yake yi, ya koma amfani da wani sinadari da ke gama aikin wata guda cikin mako, ana kwarara dauɗarsa cikin rafi. Arziki ya shigo gidan. Kifi ya fara tasowa a mace, ruwan kuma ya koma launin toka, alhali daga nan ake ɗiba a cika randunan masallaci.

Wata rana Malam yana karantar da babin tsarki, ya zo kan hukuncin cewa ruwan da dauɗa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko wari ba ya halatta a yi alwala da shi, sai wani direba ya ɗaga butarsa ya ce, "Allah gafarta Malam, to wannan fa? Ni dai hancina ya ce a'a." Aka yi dariya, ban da Malam. Ya karɓi butar, ya zuba a tafinsa, ya shinshina, ya gane inda warin ya fito, ya kuma san abincin gidansa daga can yake zuwa. Sannan ya bayyana cewa alwala ba ta inganta da ruwan.

A huɗubar Juma'ar da ta biyo baya ya yi bayanin cewa ƙasa amana ce a hannun ɗan Adam, cewa kifi da tsuntsu al'umma ce mai tasbihi, kuma wanda ya ɓata ruwan jama'a ya ɗauki haƙƙin mai salla da na dabbar da ba ta da bakin kai ƙara. Bai ambaci kowa ba, amma ƙanensa ya tashi ya fita. A ƙofar gida ya tare shi ya ce, "Yaya, rigar da ka tsaya da ita kana tona mini asiri, da kuɗin wannan warin aka ɗinka ta." Malam ya amsa cewa gaskiya ne, kuma ba za a sake ɗinka masa wata da shi ba.

Shekarun rabuwa

A 1987 ya nemi a raba gado, ya cike ramukan da suka faɗo rabonsa, ya dasa bagaruwa a wurin. Gidansa ya shiga ƙunci, har maiɗakinsa ta koma ɗinki, tana yi masa ba'ar cewa ita kifaye ne suka sa ta talauci. Ƙanen ya ci gaba da aikinsa, yana cewa ruwan lafiyarsa ƙalau, ya daina gaishe shi, ya sauya masallaci. Wannan shi ne abin da ya fi damun Malam har tsufansa, domin addinin da ya hana ɓarna a bayan ƙasa shi ne ya hana yanke zumunci, kuma bai taɓa da'awar ya san yadda za a auna su ranar hisabi ba. Bai janye fatawar ba, bai kuma daina zuwa gaida ƙanen ba, ko da za a bar shi tsaye a waje.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2019 bayan gajeriyar jinya. Da aka zo wanka, matasa suka ɗebo ruwa daga bakin rafi saboda kusa. Ƙanen, wanda ya shigo yana dogara sanda ba tare da an aika masa ba, ya sunkuya ya shinshina, ya tunkuɗe bokitin da ƙafa ya ce, "Ba za ku wanke mini yaya da wannan ba." Ya sa aka je can sama da majemarsa, inda dauɗar ba ta taɓa ruwan ba, aka ɗebo, shi ya yi wankan da hannunsa, aka binne shi bayan azahar.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babbarsu malamar jinya ce, mai bi mata makanike, na uku shi ya gaji limanci, autar kuma tana koyarwa a makarantar firamare. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci.